Bashin Dariya

Yayata ce ta jawo mini wannan aiki, kuma da magana ɗaya ta jawo shi. Mun fito daga silima wani dare, ina ta maimaita mata wani wuri da ya ba ni dariya a fim ɗin da muka gama kallo, ina yi ina kwaikwayon tafiyar jarumin, ita kuwa ko uffan ba ta ce ba har muka isa bakin mota. Sai da ta kama murfin ƙofa sannan ta juyo ta ce, "Kai fa ba kallon fim kake zuwa ba. Dariya kake zuwa saye, kamar mai sayen maganin ciwon kai."

Na ce, "To Yaya, laifi ne?"

Ta ce ba laifi ba ne, amma in faɗa mata sunan jarumin a cikin labarin. Na buɗe baki, na mayar na rufe. Minti goma da fitowarmu, mutumin da na yi kusan awa biyu ina kallo har ina share ƙwalla don dariya, ban san sunansa ba.

Ni dai ɗan kallo ne na gama-gari. Nakan je silima sau ɗaya ko sau biyu a wata, kuma hoton talla nake dubawa in zaɓi fim. In na ga wani ya wage baki ko ya rataye a jikin wani abu, an gama da ni. Ita kuwa ma'abociyar karatu ce, irin mutanen nan da ke cewa "ai littafin ya fi" tun ba a kunna fitilun zaure ba. A cikin motar nan muka ƙulla yarjejeniya ta wata uku. Duk fim ɗin barkwancin da na kalla, na ci bashin fim ɗaya da aka ciro daga littafin adabi, kuma ba ni ba wani na dariya sai na biya. Sharaɗi na biyu, in rubuta abin da na ji a daren da na kalla, kafin in karanta sharhin kowa. Na uku, waya ta kwana a aljihu a kashe. Ni ma na kafa nawa: duk fim ɗin dariyar da na zaɓa, sai ta zauna ta kalla da ni. Washegari na sayi ƙaramin littafin rubutu, na ja layi a tsakiyar shafukan, hagu na dariya, dama na adabi. Na ƙara wa kaina wata dabara, duk sanda na yi dariya har ta fito fili sai in ja ɗan karan layi a gefe.

Da abin da na sani na fara, wato Mr. Bean, kashin farko da aka nuna a talabijin a Ingila a farkon 1990. Wurin jarrabawa ne ya fi tsaya mini tun ina yaro. Mutumin ya shirya wa wani fanni na lissafi, ya zaro takarda daga ambulan ya ga wani fannin daban, sai ya shiga dabarun leƙen amsar maƙwabcinsa, har da hura takardar mutumin don ta ɗaga. Ana saura minti biyu a tashi ya gane ashe takardu biyu ne a ambulan ɗin, tasa tana ciki tun farko. Na fara kallonsa ni kaɗai a kwamfuta, don in tabbatar yana nan yadda na san shi kafin in nuna wa Yaya. Karan layi biyu kacal na ja. Da muka kalla tare kwana biyu bayan haka, da 'ya'yanta biyu a ƙasa suna birgima, sai da hannuna ya gaji da jan layi. Fim ɗaya, mutum ɗaya, ranaku biyu. Daga baya na ci karo da binciken wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, Robert Provine, wanda ya gano cewa mutum ya fi yin dariya kusan ninki talatin idan yana cikin mutane a kan idan yana shi kaɗai. Masu talabijin sun riga shi sanin haka a aikace. Tun a shekarun 1950 wani injiniyan sauti a Amurka, Charley Douglass, ya haɗa na'ura mai ɗauke da dariyar mutane da aka naɗa, ana danna ta a duk inda ake so mai kallo a gida ya ji kamar yana cikin taro. Abin ya ɗan sosa mini rai. Ashe rabin abin da nake biya a ƙofar silima, kuɗin zama kusa da baƙin mutane ne masu dariya.

Da lokacin biyan bashin farko ya zo, sai girman kai ya ɗebe ni. Na ce tunda adabi ake so, bari in ɗauko uban kowa. Na nemo War and Peace, wanda Sergei Bondarchuk ya yi a Tarayyar Sobiyet daga littafin Tolstoy, aka fitar da shi kashi huɗu a 1966 da 1967. Tsawonsa ya haura awa bakwai. Na zauna da kashin farko bayan na dawo aiki, wanda shi ne kuskure na biyu. An buɗe da taron manyan mutane a wani katafaren zaure, kowa na da suna uku, ana kiran mutum ɗaya da wani suna a nan, a can kuma da wani. Ina ƙoƙarin riƙe wane ne ɗan wane, barci ɓarawo ya yi awon gaba da ni. Ƙarar igwa ce ta tashe ni. Na buɗe ido na ga filin yaƙi cike da sojoji har iya ganin ido, mutane ne na gaske, dubban sojojin ƙasar aka ba shi ya yi aiki da su. Can sai ga wani hafsa kwance da rauni yana kallon sama, kyamara ta bi idonsa ta tsaya a kan gajimare. Wannan wurin ya shige ni, duk da ban san me ya kawo shi nan ba. Abin da na rubuta a dama a daren nan layi biyu ne: "Sama ta yi kyau. Ban san kowa ba."

Yaya ta karanta ta yi dariyar da ba ta yi wa Mr. Bean ba. Ta ce wanda bai iya iyo ba, ba da teku yake farawa ba. Ta yafe mini sauran kashi ukun, a cewarta "zuwa wani lokaci", ta kuma karɓe zaɓen ɓangaren dama daga hannuna.

Abin da ta fara ba ni shi ne Sense and Sensibility na 1995, daga littafin Jane Austen na 1811. Na shiga da shirin wahala, na ga riguna masu ja da ƙasa da kekunan doki, na gyara zama don karɓar hukunci. Ba a yi minti goma ba na ja karan layi a ɓangaren da ban tanadi wurin jan layi ba. Wani dattijo ne a gadon mutuwa, dokar gado ta sa gida da dukiya za su koma hannun ɗansa na matar farko, sai ya sa ɗan ya yi alkawarin kula da matar uban da 'ya'yanta mata uku. Ɗan ya fito da niyyar ba su fam dubu uku. Matarsa ba ta taɓa cewa kada ya bayar ba. A hankali take bi, tana yaba karamcinsa, tana lissafa yadda masu karɓar kuɗin shekara-shekara ba sa mutuwa da wuri. Ana yanko su daga wuri zuwa wuri, kuɗin na raguwa, har suka isa gidan ba ko sisi a cikin alkawarin, kuma mutumin yana ganin kansa mai kirki. Na san wannan hirar. Na taɓa yin irinta da kaina, ni ne mijin ni ne matar, a kan wani taimako da na yi niyya ban yi ba. Dariyar da na yi a nan ba ta da ƙara sosai, kuma ta bar ɗan ɗaci a baki.

Emma Thompson ce ta rubuta fim ɗin, ta kuma fito a matsayin babbar 'yar, ta ci kyautar Oscar a kan rubutun. Daraktan, Ang Lee, mutumin Taiwan ne. A nan Yaya ta yi mini bayanin da ya rage mini jin haushin masu cewa littafi ya fi. A ƙa'idar masu rubuta fim, shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne a allo, don haka fim na awa biyu bai wuce shafi ɗari da ashirin ba, shafukan ma rabinsu fili ne. Littafi mai shafi ɗari uku ko huɗu cike da rubutu, dole a yanka, a jefar da wasu mutane, a haɗe wasu biyu su zama ɗaya. Ta ce ita abin da take zuwa gani ke nan, me aka yanke, me aka bari. Na ce to ashe ke ma ba kallon fim kike zuwa ba, duba aikin tela kike zuwa yi. Ba ta ji daɗin wannan ba.

Makonnin tsakiya ba su da abin faɗa da yawa. Na kalli wani sabon fim ɗin barkwanci na Amurka wanda duk dariyarsa ihu ce da zagi, na ja layi uku, washegari na kasa tuna ko ɗaya daga cikin wuraren. Na biya da wani fim na soyayya daga littafi, kyakkyawa kamar katin gaisuwa, wanda wata murya ke ta karanto mini abin da ke zuciyar jaruma alhali ina ganin fuskarta. Abu ɗaya da na tsinta a wannan tsakanin, a wani fim ɗin Faransa ne da muka kalla a silima da fassara a ƙasan allo. Rubutun yakan fito gaba ɗaya tun ɗan wasan bai kai rabin maganarsa ba. Sai zauren ya rabu biyu. Mu masu karatu mu yi dariyarmu mu gama, sannan 'yan tsirarun da ke jin harshen su yi tasu a daidai inda aka so a yi. Wani mutum a layin gabana, mai jin Faransanci, har juyowa yake yana harararmu, don muna ɓata masa tarko kafin ya kama. Tun daga ranar na fahimci cewa barkwancin baki ba ya son tafiya mai nisa, daƙiƙa ɗaya in ta goce, an rasa shi.

Wannan ne ya tura ni wajen finafinan da ba a magana. Na ce in dai lokaci ne sirrin, bari in je inda ba fassarar da za ta shiga tsakani. A Steamboat Bill, Jr. na 1928, guguwa ta taso, Buster Keaton na tsaye a gaban wani gida, bangon gaban gidan gaba ɗaya ya rufto masa, ya tsira saboda ya dace da inda tagar sama take a buɗe. Bango ne na gaske mai nauyi, ba dabarar kyamara ba, kuma da ya goce kaɗan daga inda aka sa masa alama da sai dai wani ba shi ba. Fuskarsa ko motsi. Na mayar da wurin baya sau huɗu. Yaya, wadda ta zo da littafinta a hannu don ta cika sharaɗi kawai, ta saki salati ta ajiye littafin.

Sai City Lights na Charlie Chaplin, 1931. A lokacin fim mai magana, wanda ya kunno kai a 1927, ya riga ya karɓe kasuwa, shi kuwa ya kafe a kan nasa ba magana. Talaka ne mai yawo da ƙaramar hula da sanda, ya haɗu da makauniya mai sayar da furanni, ita kuma ta ɗauka attajiri ne. Yadda za a sa makauniya ta yi wannan kuskuren ba tare da an furta kalma ba shi ne ya hana Chaplin barci. An ce sau 342 aka ɗauki wurin haɗuwar tasu. Maganin da ya samo a ƙarshe ƙarar ƙofar mota ce: ya ratsa ta cikin wata motar alfarma da ke tsaye don ya tsallake titi, ta ji an rufe ƙofa, shi ke nan. Na ja layi da yawa a wurin damben, inda yake ɓuya a bayan alƙalin wasa suna rawa su uku kamar an ɗaure su da igiya ɗaya. Amma a ƙarshe, bayan ya samo mata kuɗin aikin ido, ya yi zaman kurkuku, ya fito a yage, ta gan shi ta tagar shagonta tana dariyar wannan almajirin mutum, ta fito ta ba shi fure da tsaba, ta taɓa hannunsa ta gane shi. Kyamara ta tsaya a fuskarsa, yana murmushi yana cizon yatsa, tsoro da murna sun cakuɗe. Na zauna da biro a hannu ban san me zan ja ba. Na rubuta a hagu: "Wannan a wane ɓangare yake?"

Bashin wannan shi ne The Remains of the Day na 1993, kuma shi ne ya ci mini mako uku shi kaɗai.

Anthony Hopkins ne Stevens, shugaban ma'aikatan wani babban gidan sarauta a Ingila a shekarun da suka gabaci yaƙin duniya na biyu. Emma Thompson kuma, ita ce dai, Miss Kenton, mai kula da mata masu aikin gidan. Maigidan, Lord Darlington, mutum ne mai ganin kansa mai sulhu, yana tara manya a gidansa don a sassauta wa Jamus, har ya zama abin wasan mutanen Hitila. Ya sa a kori 'yan mata biyu masu aiki don kawai Yahudawa ne, Stevens ya aiwatar ba tare da ya ɗaga gira ba. A kallon farko haushi ne ya cika ni. Awa biyu da 'yan mintuna ina kallon mutum yana goge azurfa, yana auna tazarar kofuna a tebur, mace na tsaye a gabansa tana yi masa duk alamar da mace za ta iya yi, shi kuwa yana mata zancen ƙura a kan kayan ado. Akwai wurin da ta same shi a ɗakinsa yana karatu, ta tambayi wane littafi ne, ya ƙi nunawa, ta matso, ya ja da baya har ya kai bango, ta ɓamɓare yatsunsa daga littafin, ashe labarin soyayya ne. Ya ce yana karantawa ne don ya ƙara ƙwarewa a harshe. Na yi tsaki da ƙarfi har Yaya ta dube ni. Abin da na rubuta a daren: "Mutumin nan wawa ne. Ba abin da ya faru."

Amma na kwana da shi, na tashi da shi. Ina wanke fuska sai in tuna yadda ya tsaya a jikin bangon nan. A rana ta uku na karya al'adata, na ce Yaya ta ara mini littafin. Ba ta ce komai ba, ta miƙo, amma na ga bakinta yana motsi.

Kazuo Ishiguro ne ya rubuta shi, haifaffen Nagasaki da aka kai Ingila yana ɗan shekara biyar. Littafin ya fito a 1989 ya ci kyautar Booker, shi kuma marubucin ya samu ta Nobel a 2017. Abin da ban zata ba, littafin yana da ban dariya ƙwarai. Stevens ne ke ba da labari da bakinsa, kuma babbar damuwarsa a farko ita ce sabon maigidansa Ba'amurke yana son wasa da raha, shi kuwa bai iya ba. Sai ya ɗauki barkwanci a matsayin wani sabon aiki da ya wajaba ma'aikaci nagari ya koya. Yana sauraron wani shirin raha a rediyo don ya ɗauki darasi, yana zama shi kaɗai yana ƙirƙiro maganganun ban dariya don atisaye. Ya gwada ɗaya a wani masauki, mutane suka yi tsit, sai can suka yi masa dariyar ladabi, ya kwana yana tunanin ko ya ɓata wa wani rai. Fim ɗin ya zubar da kusan duk wannan, ya kuma haɗe sabon maigidan da wani ɗan siyasar Amurka da ya halarci taron gidan, suka zama mutum ɗaya. Na kama kaina ina duba aikin tela.

Da na koma kallo na biyu, sai na ga abin da ya wuce ni. Kayan aikin barkwanci ne zube a fim ɗin ko'ina. Mahaifin Stevens, tsohon ma'aikaci da ƙarfi ya ƙare masa, ya ɗauko faranti cike da kaya a gaban manyan baƙi, ya yi tuntuɓe ya kife. Mutum mai ji da kansa, faranti, faɗuwa: da a hannun Chaplin ne da na ja layi. A nan kuwa cikina ne ya ƙulle. A littafin har an hango tsohon daga taga da yamma, shi kaɗai, yana hawa yana sauka a matakalar da ya faɗi, idonsa a ƙasa, yana gwada ƙafarsa. Haka daren babban taron. Uban na sama yana mutuwa, ɗan na ƙasa yana zuba wa baƙi abin sha, ga wani baƙo Bafaranshe ya addabe shi da ƙorafin ƙafarsa da takalmi ya ji wa ciwo, a kawo ruwa, a nemo likita. Hawa, sauka, wannan ya kira, wancan ya kira, fuska ba ta canzawa. Tsarin wasan barkwanci ne sak, irin wanda mutum ɗaya ke ƙoƙarin rufe ƙofofi biyar da hannu biyu. Har da wurin da aka ɗora masa aikin yi wa wani saurayi mai shirin aure bayanin yadda ake samun haihuwa, ya fara da zancen tsuntsaye da furanni, saurayin ya ɗauka hirar sha'awar halittu ake yi. Hugh Grant ne saurayin. A kallon farko haushi bai bar ni na lura ba, a na biyu na ja layi.

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to ga fuskoki biyu da suka ƙi ba da labari, ta Keaton da ta Hopkins. Bango ya faɗo wa ɗaya, rayuwa ta faɗo wa ɗayan, kowannensu ya gyara kwalar riga ya ci gaba. Na tambayi kaina me ya sa na yi wa ɗaya dariya, ɗayan kuma ya hana ni barci. Iyakar abin da na iya kamawa shi ne, Keaton yana fita ta taga, kuma tun kafin bangon ya taso jikina ya san zai fita. Stevens kuwa ba taga a bangonsa. Inda ya yi sallama da Miss Kenton a tashar bas cikin ruwan sama, shekaru bayan ta auri wani, ya ɗaga hula, motar ta tafi da ita tana kuka, na jira tagar har allo ya canza. A littafin, a daidai nan ne ya faɗi da bakinsa, sau ɗaya tak a cikin shafuka sama da ɗari biyu, cewa zuciyarsa na karyewa. Fim ɗin bai ba shi wannan jimlar ba. Ni dai a ganina gara da aka hana shi. Yaya ta ce ban san abin da nake faɗa ba, jimlar nan ita ce littafin gaba ɗaya. An zaɓi fim ɗin a rukuni takwas na Oscar bai ci ko ɗaya ba, ta ce wannan ma hujjarta ce. Na ce wannan hujjar Stevens ce.

Fim na ƙarshe ni na nemo shi, kuma na nemo shi ne da mugunta. Mandabi, na Ousmane Sembène, 1968. Sembène ɗan Senegal ne, ya yi aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille, ya zama marubuci, sannan ya je Mosko ya koyi fim saboda ya ga yawancin mutanen da yake rubutu dominsu ba sa karanta littattafansa. Labarin ya fara fitowa ne a matsayin gajeren littafinsa da Faransanci, sannan ya mayar da shi fim da harshen Wolof, ya ci kyauta ta musamman a bikin finafinai na Venice. Ibrahima Dieng magidanci ne a Dakar, ba aiki, mata biyu da 'ya'ya, amma in ya saka babbar rigarsa ya fito sai ka rantse mai unguwa ne. Ɗan 'yar'uwarsa da ke sharar titi a Faris ya aiko da takardar kuɗi ta gidan waya. Kafin ya ga ko kwabo labari ya zaga, matansa sun ci bashi a kanti, maƙwabta sun yi layi. A gidan waya aka ce sai da katin shaida. Katin shaida sai da takardar haihuwa da hoto. Takardar haihuwa sai ya san ranar da aka haife shi. Mai hoto ya karɓi kuɗi ya cuce shi. Kuma mafi yawan kuɗin ma ba nasa ba ne, na yaron ne da na mahaifiyarsa. Na yi ta jan layi a rabin farko, ina kallon yadda yake tattare rigar nan yana shiga ofis bayan ofis da ƙasaitarsa. A rabi na biyu rigar ce dai, tafiyar ce dai, amma hannuna ya tsaya, har zuwa inda wani ɗan boko mai kwat ya karɓi wakilcinsa ya ci kuɗin.

Da muka zauna lissafi a ƙarshen wata na uku, hagu bakwai, dama shida, ban da Mandabi, wanda na rubuta a kan layin tsakiya da gangan. Na ce daga littafi aka ciro shi, saboda haka na dama ne, bakwai da bakwai, ba bashi. Yaya ta karɓi littafin rubutun, ta sa yatsa tana ƙirga karan layukan da ke gefen shafin.

"Goma sha ɗaya," ta ce. "Ka fi yi masa dariya a kan na Amurkan nan. Na hagu ne. Bashi biyu."

"Haba Yaya, mutumin da ya rubuta littafin shi ya yi fim ɗin."

"Sunan jarumin?"

"Ibrahima Dieng."

Ta ɗan yi shiru, ta rufe littafin ta miƙo mini. Ta ce ta yafe ɗaya. Sannan ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da faifan kashi na biyu na War and Peace, da wata takarda da ta rubuta sunayen mutanen ciki, kowa da sunayensa uku, ta ja kibiya daga wane zuwa wane. Ta ce in kalle shi da safe.